Jini A Kan Aswaki Ba Ya Karya Alwala, Amma Yana Kayar Da Haƙori

 Maganar da na zo da ita a wannan fitowa ta lafiyar baki ce. Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar makaranta da ciwon dasashi? To, yi haƙuri ka biyo ni, za ka ga haɗin.

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a ajin fiƙihu, daga Samaru har Sabon Gari, ajin yara da na matan aure duka. Da zarar an zo babin alwala sai ka ga hannu a sama: "Malam, idan mutum yana aswaki sai jini ya fito masa a dasashi, alwalarsa ta karye?" Malam ya ce a mazhabar Malikiyya da muke kai ba ta karye ba, ya tofar ya kurkure ya ci gaba. Mai tambaya ya koma ya zauna hankalinsa kwance. Amsar malam daidai ce, ba ni da ja a kanta. Sai dai rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin, wanda ba aikin littafin fiƙihu ba ne, shi ne mutumin da aswakinsa ke fitowa da jini kullum ba shi da lafiya, kuma in ya bar abin a haka haƙoransa ne za su biya bashin.

Dasashi lafiyayye ba ya jini. Ka riƙe wannan tun daga nan. Da a ce kullum da safe in ka wanke hannu sai jini ya riƙa tsattsafowa daga ƙarƙashin farcenka, kwana nawa za ka yi kafin ka nemi asibiti? Amma da yake a baki ne, kuma ba ya zafi, sai mu tofar mu wuce. Wani ya ce aswakin ne ya yi tauri. Wani ya ce ai alamar baki ya fita ke nan, mataccen jini ne ke zuba. Wani ya sha rake ya ga ja-ja a jikin abin da ya tauna, ya ce raken bana ne ke da ƙarfi. Tsofaffinmu kuma suna da sunan abin tuntuni, amosanin baki, kuma da yawa sun ɗauke shi a matsayin kayan tsufa, kamar furfura.

Bari mu ga abin da ke faruwa a zahiri. Gobe da asuba, kafin ka wanke baki, ka sa farcenka ka ɗan kankari gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Za ka fito da wani farin abu mai laushi. Wannan dauɗar ba ragowar tuwon jiya ba ce kurum, taron ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, sun manne suna hayayyafa. Ko ka wanke su tas, cikin 'yan awoyi sun fara sabon zama. In aka bar su, jiki kan tashi yaƙarsu, sai bakin dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi. Ba zato nake faɗa maka ba. A shekarar 1965, a garin Arhus na ƙasar Danmak, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa sun samu mutum 12 masu lafiyayyen baki, suka ce su daina wanke baki gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura. Da aka ce su koma wankewa, cikin kamar mako guda ya warware, ba allura, ba ƙwaya. Wannan shi ne matakin farko na ciwon, kuma albishirinka, a wannan mataki maganin yana hannunka.

Mataki na biyu shi ne na ban tsoro. Dauɗar nan in ta daɗe, sinadaran da ke cikin miyau sai su daskarar da ita, ta zama tsakuwa mai kama haƙori kamar yadda siminti ke kama bulo. Ka ɗauki madubi ka duba bayan haƙoranka na gaba na ƙasa, ta wajen harshe, nan ta fi taruwa. Wani tasa rawaya ce, mai cin goro da mai taba kuwa tasu ja ce ko baƙa. Wannan tsakuwa ba aswakin da ke cire ta, ba buroshi, ba gawayi. Fuskarta kuma kaushi gare ta, don haka sabuwar dauɗa ke samun wurin kamawa a kanta. A hankali dasashi ya fara rabuwa da haƙori, a samu rami a tsakaninsu kamar aljihu. A baki mai lafiya zurfin wannan wuri bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. In ya kai 4, ko 5, ko 6, to aswakinka ba ya kai wa ƙasan, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan kumburin ya gangara ya fara cinye ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori. Shekara da shekaru yana ci, mai shi bai sani ba, don ba ya ciwo. Sai wata rana a ga haƙora sun yi tsawo, sun fara buɗewa, wushiryar da ba a haife shi da ita ba ta bayyana, baki na wari ko an wanke, in an danna dasashi mugunya ta fito. Can sai haƙori ya fara girgiɗa. Haƙori ne lafiyayye sumul, ba rami ba tsutsa, amma ya fita, domin ƙasar da aka dasa shi a ciki ta zaizaye. Ƙashin da ya riga ya tafi kuwa, galibi ba ya dawowa. Abin da likita zai iya shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta tsaya.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar baki ya ce wannan mataki mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Amma yawan masu ciwo ba ya mayar da ciwo lafiya.

To ina ruwan ɗan Islamiyya? Ruwansa babba ne. Ka tuna darasin tajwidi, babin mafitar haruffa. Ina ث da ذ da ظ ke fita? Kan harshe ne tare da gefen haƙoran gaba na sama. Ina ت da د da ط ke fita? Kan harshe da tushen waɗannan haƙoran dai. ف fa? Cikin leɓen ƙasa da kan haƙoran gaba na sama. ض kuwa gefen harshe ne da turamen sama, ل da ن da ر kuma da dasashin kansa suke aiki. Yaron da muke wahala shekara shida ko bakwai muna gyara wa waɗannan haruffa, mu yi masa walimar sauka, shi ne in ya kai shekara arba'in da biyar haƙoran gaban nan za su soma kaɗawa, iska na fita ta giɓi. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa, wanda haƙoransa suka zube karatunsa karɓaɓɓe ne in sha Allahu. Amma asarar da ake iya kauce wa, don me za a zauna a jira ta? Ban da wannan ga warin baki a sahu, ga na ɗakin aure, wanda mata da miji ke haƙuri da shi shekaru ba mai iya faɗa wa wani don kunya.

Yanzu ga inda nake ganin mun yi sake. Mu mutane ne da ba a bar mu a baya ba wajen sanin falalar aswaki. Yaro ɗan aji biyu zai kawo maka hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, mai nuna cewa gudun tsananta wa al'umma ne ya hana Manzon Allah (S.A.W.) umartar ta da aswaki a kowace salla. Ahalari da Ishmawi duk sun lissafa shi cikin mustahabban alwala. Amma ka lura da bambancin koyarwarmu. In wanke fuska ne, malam zai tashi tsaye ya nuna: daga matsirar gashi zuwa haɓa, daga kunne zuwa kunne. In hannu ne zai nuna gwiwar hannu, ya nuna tsettsefe yatsu, ya ja kunne a kan lam'a. In an zo aswaki sai a ce yana da lada, a wuce. Ba a nuna yadda ake yi. Sakamakon haka sai ka ga bawan Allah tafe daga Palladan har Kwangila da aswaki a baki, yana tauna yana gaisawa da mutane, yana goga haƙora huɗu na gaba kamar mai zarto, turame kuwa da cikin baki ko sau ɗaya itacen bai leƙa su ba. Shi a ganinsa ya fi kowa tsabtar baki. Alhali gaban ya goge har dasashin ya ja baya, can ciki kuma dauɗa ta yi gida.

Itacen ba shi da laifi. Ko na arak ne da alhazai ke zuwa da shi kuma ake sayarwa a ƙofar masallatai, ko darbejiya da ta cika Samaru, ko marke, binciken likitoci ya nuna in an iya riƙe aswaki yana cire dauɗa kusan yadda buroshi ke yi a wuraren da ya kai. Sharaɗin shi ne ya kai ɗin. Ka samu mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon kamar taƙi ɗaya. Ka ɓare kansa kaɗan, ka tauna ko ka jiƙa har ya yi laushi kamar gashi. Ka ɗora shi a kan iyakar dasashi da haƙori, ka riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, haƙori ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, sama da ƙasa, har turmin ƙarshe. Ban da ƙarfi, dauɗar laushi gare ta, ba ta bukatar dambe. In ka gama ka wanke shi, ka yanke kan da ya baje, ka ajiye inda iska ke shiga, ba cikin aljihu tare da canji da makulli ba. Inda aswaki ke da rauni shi ne bayan haƙora ta wajen harshe da can ƙuryar turame, saboda gashinsa a miƙe yake da sandar. Shi ya sa ni a ra'ayina a haɗa biyun: aswaki a lokutan alwala, buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid sau biyu a yini, minti biyu-biyu, kuma na dare kafin barci shi ne wanda ba a sakaci da shi, domin miyau kan ragu cikin barci. Masu cewa buroshi na Nasara ne, su tuna butar roba da suke alwala da ita ma ba a Madina aka ƙera ta ba.

Saura tsakanin haƙora, kuma nan ciwon ya fi farawa. Yadda ake tsettsefe yatsu a alwala, haka haƙora ke bukatar a bi tsakaninsu sau ɗaya a yini. Akwai zaren sakace da ake sayarwa a manyan kemis, akwai kuma wani ɗan ƙaramin buroshi mai shiga tsakani, wanda ya fi dacewa da wanda haƙoransa suka riga suka buɗe. Tsinken sakace na itace mai laushi ya fi babu, in an bi a hankali. Amma allura, da fil, da bakin reza, da tsinken tsintsiyar da aka share tsakar gida da ita, haba jama'a!

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Wanda ya ga jini sai ya daina taɓa wurin, wai kada ya fama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada. Wurin da ke jinin nan shi ya fi bukatar wanki. Ka ci gaba da wanke shi a hankali, safe da dare. Kwanakin farko jinin zai ci gaba, kada ka damu. In ciwon yana matakin farko, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga ya ragu ko ya ɗauke. In mako biyu ya wuce kana yi da gaske amma jini bai tsaya ba, to akwai tsakuwa ko rami, aikin ya fi ƙarfin gida. Mai azumi ma ba shi da uzuri, malamanmu na Malikiyya sun halatta aswaki duk tsawon yini, ɗanye ne kawai suka karhanta, buroshi da makilin kuma ga bayan sahur ga bayan buɗa baki.

Abin takaici, daga gida ba asibiti muke nufa ba, kemis muke nufa. "Ba ni na ciwon dasashi." A ƙirgo maka Flagyl huɗu da kafso ja da rawaya guda shida a ƙulla a leda. Ka sha kwana biyu kumburi ya sauka, ka ce magani ya yi. Bayan wata biyu ya dawo, ka koma. Ɗan'uwa, ƙwaya ba ta narkar da tsakuwa. Kamar mai ƙaya ce a ƙafa yana shan maganin zafi bai cire ƙayar ba. Likitoci kan ba da irin waɗannan magunguna a ciwon dasashi, amma a wasu halaye ƙididdigaggu, kamar in ƙurji ya taru da zazzaɓi ko kumburin fuska, kuma tare da wankin, ba a madadinsa ba. Shan su barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da kake bukatarsa da gaske ya ƙi ci. Shi kafson nan ja da rawaya, wato tetarasaikilin, ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana rina haƙoran da ke tasowa rinin da ba ya fita. Wasu kuma su danƙa ƙwayar asfirin a kan dasashi su kwana da ita, ta ƙone naman ya yi fari. Wasu kanwa, wasu garin taba, wasu har ruwan batir, Allah ya sawwaƙe. Ga masu lasifika a tasha da bakin kasuwar Sabon Gari, kwalba ɗaya tana maganin amosanin baki da basir da sanyin ƙashi. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana lallashin dasashi, kanumfari yana rage zogi, ban hana ka ba. Akwai ma ruwan kurkure baki na asibiti mai suna kulohekzidin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta sosai, sai dai na ɗan lokaci ne, mako ɗaya ko biyu bisa umarnin likita, in an zarce yana baƙanta haƙora. Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Ba ɗayansu da ke cire tsakuwa.

Mai cire ta shi ne wankin haƙori na asibiti. Likitan haƙori ko ma'aikacin da aka horar don wannan aiki zai fara auna zurfin ramukan da wani siririn ƙarfe mai alamar milimita, wani lokaci a ɗauki hoton ƙashi. Sa'an nan ya sa na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, ko ƙarafan hannu, ya ɓamɓare tsakuwar sama da ta ƙarƙashin dasashi. In ramukan sun yi zurfi akan yi allurar kashe zafi, a raba aikin zuwa zama biyu ko fiye, bayan 'yan makonni a sake aunawa. Kaɗan ne ke kai wa ga tiyata. Mu nan Basawa ba mu da bakin kuka da nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a mazauninsa na Shika tun 2005, yana da sashen haƙori, kuma daga Samaru mota ɗaya ce. Mutane na tasowa daga Funtua da Giwa da wuraren da suka fi nan nisa su zo, mu da ke bakin ƙofa sai haƙori ya kumbura mana fuska muke zuwa, mu ce a cire.

Na san abin da za ka ce, don ana faɗa a ko'ina: wai wankin haƙori yana sa haƙora su yi sako-sako, ya buɗe giɓi, ya kawo tsami. Bari mu yi wa maganar adalci, don ba daga sama ta faɗo ba. Gaskiya ne wanda ya daɗe da tsakuwa in an cire masa zai ji iska na shiga, zai ji tsamin ruwan sanyi na 'yan kwanaki ko makonni, zai ga giɓin da da bai gani ba, wani ma ya ji haƙori na motsi. Amma ba na'urar ce ta yi giɓin ba. Ciwon ne ya cinye nama da ƙashi tuntuni, tsakuwa ta cike gurbin ta rufe ɓarnar, kamar bangon da gara ta cinye ya rage sai yaɓe. Barin ta don tana "riƙe" haƙori daidai yake da barin garar don kada a ga ramin. Wanda kuma ya je da wuri, kafin ƙashi ya taɓu, ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ɗan tsami.

Maganar kuɗi kuwa ba zan raina ta ba. Ana cikin wani hali, kuma mai neman na masara ba ya tunanin wankin haƙori. Ga layi, ga kati, ga yinin da za a rasa a kasuwa ko gona. Duk gaskiya ne, kuma likitocin haƙori sun yi kaɗan a ƙasar nan. Amma ka zauna ka lissafa abin da ka kai kemis a shekara biyu a kan wannan dasashin dai, ka haɗa da kuɗin cire haƙori, ka tambayi kuɗin na roba da za a maye gurbinsa da shi. Ma'aikacin da ke cikin tsarin inshorar lafiya ya tambaya ko nasa ya ɗauki wankin haƙori kafin ya ce ba shi da hali. Kuma, a gafarce ni, wanda ya iya sanya haƙorin Makka ba zai ce wanki ya gagare shi ba. Shi kansa haƙorin Makkan in bai zauna daidai ba, bakinsa matattarar dauɗa ce, a riƙa kula da gindinsa fiye da sauran.

Akwai waɗanda maganar ta fi shafa. Na farko mai ciwon suga. Sugan da bai daidaita ba yana rura ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da daidaita suga, kowane na ciyar da ɗan'uwansa. Bincike ya nuna wankin dasashi na ɗan sauko da ma'aunin suga na wata uku. Dattijon da dasashinsa ke yawan ƙurji, ko haƙoransa suka soma kaɗawa da sauri, a gwada masa suga ko bai taɓa gwadawa ba. Na biyu mai juna biyu. 'Yar'uwa, sauyin da ciki ke kawowa a jiki yana sa dasashi saurin kumburi da jini, amma zancen wai kowane ciki da haƙorinsa guda ba gaskiya ba ne, jariri ba ya zuƙe haƙorin uwa. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, tsakiyar ciki ma ya fi daɗin zama a kujerar, ki dai gaya musu kina da shi. Na uku mai shan taba, shi nasa ya fi muni, domin taba na matse hanyoyin jini, sai dasashi ya ƙi jini alhali ciwon na ci a ɓoye, kuma magani bai cika kama shi kamar na wanda ba ya sha ba. Wasu magungunan hawan jini kamar nifedifin da amlodifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, kan sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori. Kada ka daina sha da kanka, ka nuna wa likitan da ya rubuta. Wanda kuma dasashinsa ke zubar da jini haka kawai ba a taɓa ba, ga zazzaɓi ko kasala ko tabon jini a fata, wannan ba maganar aswaki ba ce, asibiti a ranar.

Sai yara, kuma nan nake roƙon iyaye mata su buɗe kunne. Akwai cutar da ake kira noma, mai zaizaye baki da fuska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da me take farawa? Da ciwon dasashi. Dasashi ya kumbura, ya yi gyambo, yana jini, baki na wari ƙwarai, miyau na dalala, yaro ya ƙi abinci. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, ya yi baƙi, ya ɓule. In ba a yi magani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har tara cikin goma na iya mutuwa, wanda ya rayu kuma ya rayu da fuskar da sai an yi ta tiyata. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Abin da ya sa na kawo ta shi ne a matakin dasashi maganinta mai sauƙi ne: magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga asibiti, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Yaron da ya tashi daga ƙyanda, uwa ta riƙa ɗaga leɓensa kullum tana dubawa. In ta ga abin da na faɗa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a ce iska ce, a ɗauke shi a ranar.

Wannan ya dawo da mu makaranta. Yara ɗari nawa ke zama a gabanmu daga Asabar zuwa Laraba? Muna duba farce, muna duba hijabi da hula, muna korar mai dattin riga. Ɗaga leɓe bai fi daƙiƙa biyar ba. Ba ina cewa malami ya zama likita ba, amma jan dasashi mai kumburi da tsakuwa a gindin haƙori ba sa bukatar digiri kafin a gane su, sai a rubuta wa uba 'yar takarda. Ina kira ga shugabannin makarantunmu, in an zo babin alwala a kowane zango, malam ya shigo aji da aswaki da buroshi a hannu, ya nuna yadda ya saba nuna shafar kai, kowane yaro ya gwada a gabansa. A ajin matan aure malama ta yi haka, ta ƙara da yadda ake wanke wa ƙaramin yaro, domin yaro ba ya iya wanke bakinsa da kyau shi kaɗai sai ya kai wajen shekara 7. A hana aron aswaki da buroshi tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Masu tallar alewa da gullisuwa a ƙofar makaranta kuwa, nasu ɓarnar ta fi yawa a ramin haƙori, wannan maganar wata fitowar ce.

Ƙungiyar iyaye da malamai kuma ga aiki. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, kuma a irin wannan lokaci ma'aikatan haƙori kan fita wayar da kai. Makarantun Basawa da Samaru da Palladan da Hanwa su haɗu su rubuta takarda ɗaya zuwa sashen haƙori na Shika tun watan Janairu, su nemi a turo masu mutum biyu ko uku na yini guda, a tara yara da safe, iyaye mata da rana, a ce kowa ya zo da aswakin ko buroshin da yake amfani da shi a gida don a ga yadda yake riƙe shi.